Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi: Jawabi Kan Cututtukan Fata A Taronmu Na Kuala Lumpur



Malam shugaba, iyayenmu maza da mata, ƙannenmu ɗalibai, da 'yan'uwa na gida Katsina da ke sauraronmu ta waya, barkanmu da war haka. Mu nan mun yi isha'i, ku can yanzu kuka idar da azahar. Da sakatare ya ce in yi bayanin karatun da ya kawo ni Malesiya, wani abokina dariya ya yi, ya ce, "Likita, duk wannan nisan ka zo don ka karanta ƙuraje?" Na ce masa ya zo taro ya ji amsa. Ga shi can zaune, to bismillah.

Ina aji huɗu a makarantar likitanci aka sa ranar auren wata ƙanwata, 'yar ƙanin mahaifina. Saura wata biyu biki, sai wasu tabbai masu kauri suka fito mata a gwiwar hannu da ƙeya, suna ɓarewa kamar garin rogo. Wata daga cikin dangin ango ta gani, ta koma ta ce kuturta ce. Aka aiko a karɓi kaya. A gida ma aka ware mata kwano da buta. Mai kemis ɗin unguwa ya ba ta wani man shafawa da allurai, tabban suka kwanta kamar an share. Mako biyu da daina allurar, jikinta gaba ɗaya ya yi ja, ƙananan ƙuraje masu mugunya suka rufe ta, ga zazzaɓi. Kwana goma sha biyu ta yi a asibiti. Ni da ake kira likita a gidan, ban san abin da nake kallo ba. Sai da wani likitan fata ya duba ta, ya ce sunan cutar soriyasis.

Soriyasis ba ta yaɗuwa. Ba a ɗaukarta a kwano, ko a gaisawa, ko a shimfiɗar aure. Garkuwar jikin mutum ce ke rikicewa ta dinga ingiza fata. Fatar mai lafiya takan ɗauki kusan wata guda kafin ta sabunta, ta mai wannan cuta kuwa ko mako ba ta kaiwa, shi ya sa take taruwa tana ɓarewa. Ta fi son gwiwar hannu, gwiwar ƙafa, fatar kai da ƙugu. Takan ɓata farce, wasu kuma ta kama musu gaɓoɓi. Tana bin jini a wasu gidaje. Littattafan da muka karanta sun ce tabon ja ne, domin a jikin Turawa aka ɗauki hotunan. A baƙar fata yakan yi duhu ne, da toka-toka a sama, in ya warke ya bar wurin da haske. Wannan hasken ne ke sa a ce kuturta. Ga bambanci mai sauƙi: tabon kuturta ba ya jin taɓi. Ma'aikacin lafiya kan sa mutum ya rufe ido, ya shafa auduga a wurin. Mai soriyasis zai ji, sau da yawa ma ƙaiƙayi ne ke damunsa.

Tsoron kuturta ba mu kaɗai muka san shi ba. Mu muna da Babbar Ruga, Kano na da Yadakunya, Sakkwato na da Amanawa. Su ma nan suna da Sungai Buloh, tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga inda muke zaune. An buɗe ta a 1930, ta taɓa ɗaukar majinyata sama da 2,000, har takardun kuɗi na daban aka buga musu don kada kuɗinsu ya shiga hannun jama'a. Amma a can ne, a 1964, masu bincike suka tabbatar cewa ƙwayar cutar kuturta ta fara bijire wa maganin dapsone, maganin da aka yi muhimmin gwajinsa a Uzuakoli, a gabashin Nijeriya. Wannan na cikin abin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta koma ga haɗa magunguna a farkon shekarun 1980. Yau kuturta na warkewa, maganin kuma kyauta ne. Da me suka gano bijirewar? Da bin majinyaci shekara da shekaru, suna rubuta abin da suka gani.

Wannan ɗabi'a ta rubutu ita ce babban abin da na koya a ƙasar nan. A 2007 likitocin fata na Malesiya, tare da ma'aikatar lafiya, suka sabunta rajistar masu soriyasis ta ƙasa, wadda Babban Asibitin Kuala Lumpur da ke Jalan Pahang yake cikin jagororinta. Duk wanda ya zo asibiti da cutar, in ya yarda, sai a cike masa takarda: shekarunsa, yaushe ta fara, ina ta kama, wane magani ya sha, yaya take shafar aikinsa da zamansa da mutane. Daga 2007 zuwa 2016 sun tara bayanan manya sama da 15,000. Daga nan suka san cewa fiye da kashi 80 cikin 100 irin mai tabo mai kauri gare su, fiye da rabi ta taɓa musu farce, kuma da yawa suna fama da ƙiba, hawan jini ko ciwon suga. Saboda haka likitan fata a nan ba ya sallamar mai soriyasis sai ya auna jininsa da nauyinsa.

Irin wadda ta kwantar da ƙanwata, mai mugunya da zazzaɓi, ita ma an yi aiki a kanta a nan. Dakta Choon Siew Eng ta asibitin Sultanah Aminah da ke Johor Bahru ta wallafa bayanan majinyata 102 a 2014, tana kuma cikin waɗanda suka yi gwajin maganin spesolimab, wanda Amurka ta amince da shi a 2022. Ɗaya daga cikin abubuwan da aka san suna tayar da irin wannan shi ne shan sitiroyid ko allurarsa, sannan a daina farat ɗaya. Abin da ya faru a gidanmu ke nan. Sitiroyid mai ƙarfi yana cikin mayuka da yawa da ake sayarwa a kemis da kasuwa, har da na bilicin. Yana kwantar da ƙaiƙayi, amma yana sa fata ta yi sirara, makero kuma ya bazu a ɓoye.

Yanzu ga masu raunin garkuwar jiki. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma sau da yawa a fata ake fara ganin tsagar. Mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, mai shan maganin kansa, mai ciwon suga da bai daidaita ba, da wanda aka yi wa dashen ƙoda, duk suna cikin wannan sahu. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002, wasu kuma a Indiya ko Masar aka yi musu, don haka muna da su a cikin danginmu. Alamomin da ba a wasa da su: farin abu kamar kindirmo a baki ko maƙogwaro, ƙuraje masu ruwa da zafi da suka jeru a gefe ɗaya na jikin matashi, ƙazuwa da ta yi ɓawo mai kauri ta ƙi jin magani, tabbai masu duhu da ke girma a ƙafa ko a dasashi, da soriyasis da ta ɓarke lokaci guda da tsanani. Wanda ya ga ɗaya daga cikinsu, ya je a gwada jininsa. Gwaji ba zargi ba ne.

Magungunan soriyasis masu ƙarfi su ma suna rage garkuwa. Methotrexate sau ɗaya ake sha a mako, wanda ya sha kullum na iya rasa ransa, kuma mai ciki ba ta shansa. Sababbin allurai kuwa ba a fara su sai an bincika tarin fuka da ciwon hanta, waɗanda duk mun san yawansu a ƙasarmu. Don haka ina roƙon 'yan'uwa na nan, kada mu sayi magani mu aika gida don mun ji ya yi wa wani aiki.

Na san kalmar bincike tana sa wasu ɗari-ɗari, kuma da dalili, domin ba mu manta da gwajin Trovan a Kano a 1996 ba. Amma rajista ba gwajin magani ba ce, kuma ko ita ba a yin ta sai da yardar majinyaci da izinin kwamitin ɗa'a na asibiti. Muna da ƙwararrun likitocin fata a Kano, Zariya da Sakkwato, sai dai sun yi kaɗan, layi kuma ya yi tsawo, ba su da mai taya su rubutu. A 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince cewa soriyasis cuta ce mai tsanani da ba ta yaɗuwa. In gwamnati ta tambaye mu mutum nawa ke da ita a jiharmu, da wace takarda za mu amsa?

Malam shugaba, roƙona biyu ne. Na farko, ƙungiya ta duba yiwuwar ɗaukar nauyin kwamfuta ɗaya da alawus ɗin ma'aikacin rubutu ɗaya na shekara guda, a asibiti ɗaya a gida, ƙarƙashin likitocin can. Ni na ɗauki alkawarin tsara takardar tare da su. Na biyu, ranar 29 ga Oktoba ce ranar soriyasis ta duniya. Kowannenmu ya kira gida ranar, ya gaya wa iyaye da limamin unguwa cewa kada a raba kwano, kada a fasa aure a kan tabo, sai likita ya gani. Mai tabo kuma ya daina rufewa da dogon hannu, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ƙanwata ta yi aure daga baya, 'ya'yanta uku. Tabban kan dawo lokacin hunturu, ta je asibiti, su kwanta. Ita ta ba ni izinin faɗin labarinta, da sharaɗin kada in kama suna. Tana kan waya yanzu haka tana jinmu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya mayar da mu gida da ilimi mai amfani. Wassalamu alaikum.