Sauya Babbar Manhajar Kwamfuta: Jawabi ga Hakimai da Malaman Ofisoshinsu

Ran 14 ga watan Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 kamar yadda ya saba, watau ya bar aiko wa kowa gyaran da ke toshe kafofin da ɓarayin intanet su ke bi. Magajinsa kuwa, Windows 11, ba ya zama bisa kowace na'ura, sai wadda ke da wani ɗan abin tsaro da a ke kira TPM 2.0, tsofaffin kwamfutoci da yawa kuwa ba su da shi. Don haka ofishin da ba shi da halin sayen sabuwa ya kan juya ga Linux, wanda wani ɗalibi, Linus Torvalds, ya fara a ƙasar Finlan cikin 1991. Ba a biyan ko kwabo a kansa. Irinsa da a ka fi sani su ne Ubuntu da Linux Mint.

Babbar manhaja ita ce kamar sarkin gida a cikin kwamfuta: ita ke ajiye takardu, ita ke kiran sauran manhajoji su yi aiki, ita ke magana da na'urar buga takarda. In an sauya ta, na'ura tana nan yadda ta ke, amma hannun malami ya saba da wata hanya dabam. Dattawa sun tuna da 1972, sa'ad da Nijeriya ta bar tuƙi ta hagu ta koma dama. Direbobi ba su manta tuƙi ba, sabo ne ya dame su kwana kaɗan.

Abu na fari da zai ba malami mamaki shi ne ba zai ga Word da Excel ba. A madadinsu akwai LibreOffice, mai Writer don wasiƙu, da Calc don lissafi. Suna buɗe tsofaffin takardu sarai, sai dai wani lokaci layukan jadawali su kan goce, shafi ɗaya ya zama biyu, musamman in babu irin haruffan da a ka rubuta takardar da su tun farko. Lalle ne a duba kowace wasiƙa kafin a kai wa Hakimi ya sa hannu. Wadda za ta tafi fada ko ofishin ƙaramar hukuma gara a mai da ita PDF, domin ta isa yadda ta tashi.

Sa'an nan ga wani tarko wanda ba a cika lura da shi ba. Windows bai damu da bambancin babban baƙi da ƙarami a sunan takarda ba, Linux kuwa ya damu. A wurinsa "Gonaki" dabam, "gonaki" dabam. Malami na iya gyara ɗaya yau, gobe ya buɗe ɗayar, ya rantse aikinsa ya ɓace. Ranar da a ka zo shari'ar iyakar gona, a ka ɗauko tsohon rubutu maimakon sabo, ba ƙaramin abin kunya ba ne ga ofishi. Haka kuma ba zai ga wurin ajiyar nan da a ke kira C ba. Kowane ma'aikaci yana da nasa ɗakin ajiya mai sunansa. Manhajojin da a ka yi don Windows ba su tashi kai tsaye, sababbi kuma a rumbun manhajoji na cikin na'urar a ke ɗauko su, bayan an ba da kalmar sirri. Baƙaƙen Hausa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suna nan, amma sai an zaɓi allon rubutun Hausa tun ranar farko. Kwafa da liƙawa dai ba su sake ba, maɓallan su ne na da.

Yadda za a yi sauyin ya fi kome muhimmanci, akwai kuma abin koyi a Turai. Jandarmomin Faransa ba su yi gaggawa ba. Cikin 2005 su ka soma aiki da OpenOffice alhali suna kan Windows, cikin 2006 su ka ɗauki Firefox, sai 2008 su ka fara komawa Ubuntu. Kafin babbar manhajar ta sauya, ma'aikata sun riga sun saba da kayan aikin. Birnin Munik na Jamus ya yanke shawarar komawa Linux cikin 2003, ya ɗauki shekara goma kafin ya gama da kwamfutoci wajen 15,000, sa'an nan cikin 2017 majalisar birnin ta zaɓi a koma Windows. Daga cikin kukan da a ka yi har da wahalar musayar takardu da waɗansu ofisoshi.

Saboda haka abin da ya kamaci Hakimi shi ne ya sa malaminsa ya fara aiki da LibreOffice bisa tsohuwar manhajar tukuna, wata ɗaya ko biyu. Ana kuma iya ɗora Ubuntu ko Mint a kan filashi a gwada ba tare da an taɓa kome a cikin kwamfutar ba. A nan ne za a gane ko na'urar buga takarda ta ofis za ta amsa. Kada a sa ranar sauyi cikin makon da aiki ya yi yawa, kamar gab da hawan salla. Kafin a goge kome kuma, tilas a kwashe dukan takardun ofis a wuri biyu dabam dabam, a buɗe kaɗan daga ciki a tabbata sun kwafu, a ajiye ɗaya a hannun Hakimi.