SADAUKAN MAJIGI DA KUƊIN ƘOFA



Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan lacca, da ku da kuka bar ayyukanku kuka zo. Na san ba za a rasa mai cewa a ransa ba, ina ruwan jami'a da labarin wani ƙato mai tashi sama da gyale ɗaure a wuya? To, ruwanmu da shi dukiyar da ya tara. Abin da nake nufi da sadaukan majigi shi ne ƙagaggun jarumawan nan na Amurka masu baiwar da ta wuce ta ɗan'adam, irin su Superman da Spider-Man. Zan bi tarihinsu a taƙaice, sa'an nan mu duba wanda ya ci moriyarsu.

Asalinsu a takarda yake. A shekarar 1938 aka buga labarin Superman na farko cikin wata mujallar zane mai suna Action Comics, wadda ake sayarwa santi 10. Wasu samari biyu na birnin Cleveland ne suka ƙago shi, Jerry Siegel mai rubutu da Joe Shuster mai zane. Suka sayar wa kamfanin da ya buga shi labarin, haɗe da dukan haƙƙin mallakarsa, a kan dala 130. Ina roƙonku ku riƙe wannan adadi, domin za mu komo kansa. Da kasuwa ta buɗe sai Batman ya biyo baya a 1939, Captain America kuwa a 1941, aka zana shi a bangon mujallarsa yana kai wa Hitila naushi tun kafin Amurka ta shiga yaƙi.

Shigarsu majigi da ƙaramin ƙarfi ta fara. A wancan zamani gutsi-gutsi ake nuna su, kashi ɗaya kowane mako, a yanke labari daidai inda jarumi ya faɗa haɗari, don yara su komo mako mai zuwa. Manyan 'yan wasa ba su ɗauke su bakin kome ba. Sai a 1978 al'amarin ya sake, sa'ad da Richard Donner ya shirya fim ɗin Superman, Christopher Reeve ya fito a matsayin sadaukin. An kashe kimanin dala miliyan 55, kuɗin ƙofa kuwa ya kai wajen miliyan 300. Batman na 1989 ya zarce miliyan 400. Amma duk da haka abin bai zauna da gindinsa ba, gama Batman & Robin na 1997 ya sha suka har kamfanin ya jingine sadaukin shekara takwas.

A nan ya kamata in yi bayanin kuɗin ƙofa, domin jaridu kan ruɗa mutane da shi. Jimlar abin da 'yan kallo suka biya ke nan kafin a cire kome. Kimanin rabinsa yakan tsaya hannun masu gidajen silima, ga kuma kuɗin talla, wanda ba a cika haɗa shi da kuɗin shirya fim ba. Saboda haka fim ɗin da aka kashe wa miliyan 200, in ya samo miliyan 300, mai shi hasara ya yi, ko da ya fito yana murmushi.

Babban darasin yana cikin labarin kamfanin Marvel. A watan Disamba na 1996 bashi ya karya shi, har ya nemi kariyar kotu. Manyan sadaukansa kuwa sun koma hannun wasu ta fuskar majigi: X-Men wurin kamfanin Fox, Spider-Man wurin Sony. Da Spider-Man ya fito a 2002, shi ne fim na farko da ya haura dala miliyan 100 cikin kwana uku na buɗewarsa a Amurka, daga bisani ya wuce miliyan 800 a duniya, amma abin da ya shiga aljihun Marvel ɗan kaɗan ne. Da masu kamfanin suka ga haka, sai a 2005 suka ci bashin dala miliyan 525 daga Merrill Lynch don su riƙa shirya fina-finansu da kansu. Abin da suka jinginar kuwa shi ne haƙƙin yin fim da wasu sadaukansu guda goma. Watau masu ba da rance sun yarda ƙagaggen mutum kadara ne, kamar gida ko gona.

Iron Man ya fito a 2008, ya samo fiye da miliyan 580. Shekara ɗaya bayan haka kamfanin Disney ya saye Marvel a kan kimanin dala biliyan 4, watau miliyan dubu huɗu. Dabarar da suka bi tsohuwa ce, ta masu nuna gutsi-gutsi: kowane fim ya ƙulla zarensa da na gaba, yadda wanda ya ga ɗaya zai ji lalle sai ya ga saura. The Avengers na 2012 ya samo biliyan ɗaya da rabi. Black Panther na 2018, wanda aka gina a kan ƙagaggiyar ƙasar Afirka mai suna Wakanda, ya wuce biliyan 1.3, ya kuma ci lambobin Oscar uku. Avengers: Endgame na 2019 ya kusa biliyan 2.8.

Amma kome nisan jifa ƙasa zai faɗo. A shekarar ta 2019 mashahurin mai shirya fim Martin Scorsese ya kamanta su da wuraren wasan lilo na yara, aka yi ta ka-ce-na-ce. A 2023 The Marvels bai samo fiye da miliyan 200 da 'yan kai ba, mafi ƙaranci a jerin. Wasu suka ce zamaninsu ya wuce, sai ga Deadpool & Wolverine ya haura biliyan ɗaya a 2024. A ganina yawan tuwon ne da ƙarancin miya ya gundure 'yan kallo.

Yanzu mu komo kan dala 130. Siegel da Shuster sun kai ƙara kotu tun 1947 ba su karɓo Superman ba, aka ma cire sunayensu daga mujallar. Suka tsufa cikin talauci, Shuster idonsa ya kusa rufewa. Sai a 1975, ana shirin babban fim ɗin nan, 'yan'uwansu masu zane suka tsaya musu a jaridu, kunya ta sa kamfanin Warner ya yanka wa kowannensu dala 20,000 a shekara, ya mai da sunayensu. Bill Finger, wanda ya yi tarayya wajen ƙago Batman, ya rasu a 1974, ba a soma sa sunansa a fina-finan ba sai bayan yarjejeniyar 2015. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Kuma fa ba sata aka yi wa samarin Cleveland ba, da hannunsu suka sa hannu a takarda.

Don haka, ku ɗalibai masu rubuce-rubuce da zane-zane, kada ɗokin ganin sunanku a bugu ya sa ku sayar da abin da ba ku san darajarsa ba. Ku bambance ba da aron haƙƙi na ƙayyadadden lokaci da sayar da shi kacokan. Ku kuma ma'aikata, da yarjejeniyoyi ke ratsa teburanku, ku tuna labari dukiya ne da ake jinginarwa, ake gado, ake kuma shari'a a kansa, sai ku karanta kowane sharaɗi kafin ku buga hatimi.

In akwai tambayoyi, ina jira. Allah ya ba mu alheri.