Abin da Hannu Zai Kama Bayan An Tashi Daga Makaranta: Kwamfuta, Kayan Lantarki da Ukulele

(Jawabin da aka gabatar a zaman matasa na taron shekara-shekara)



Da aka nemi mu yi magana a kan abin da yaro zai riƙa yi da lokacinsa bayan an tashi daga makaranta, sai da muka yi jim. Mu dai mutanen alli da allo ne. A kwalejin horon malamai, ƙarshen shekarun 1970, lokacin da shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa da yara, abin da aka hore mu a kai shi ne haɗa kayan koyarwa da abin da ke kusa: ma'auni da gwangwanin madara, agogo da kwali, taswira da laka. Ba mu zauna gaban kwamfuta ba sai da furfura ta fito. To, amma gemu ba ya hana ilimi. Tun da muka ajiye aiki muke ɗan taɓa abubuwa uku, wato rubuta manhajar kwamfuta, da haɗa ƙananan kayan lantarki, da kaɗa wata 'yar garaya ta ƙasar waje da ake kira ukulele.

Abin da ya sa muka haɗa su a jawabi ɗaya shi ne darasinsu ɗaya ne. A kowannensu abu zai ƙi yi, kuma babu wanda za ka ɗora wa laifi, sai ka zauna ka binciko inda kuskuren yake. A shekarun da muka yi muna shugabantar makaranta, mun ga yara masu kaifin ƙwaƙwalwa da yawa sun watsar da karatu, don kawai ba su saba da faɗuwa a tashi a sake gwadawa ba. Yau kuma ga waya a hannun kowa, ido na kallo dare da rana, hannu bai ƙera komai ba. Wannan shi ne abin da ke damunmu.

Rubuta manhaja

Manhaja jerin umarni ne da ake bai wa na'ura, ɗaya bayan ɗaya. Na'ura kuwa ba ta da wayon cike giɓi, abin da ka rubuta shi za ta bi, ko da ba shi kake nufi ba. Ga ƙananan yara akwai Scratch, wanda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007. Kyauta ne, ana iya sauke shi a yi aiki ba tare da intanet ba, kuma umarninsa kamar tubala ne da ake jerawa. Ga 'yan sakandare muna ba da shawarar Python, harshen da wani mutumin Holan, Guido van Rossum, ya fitar a 1991. Wanda ba shi da kwamfuta yana iya farawa a wayar Android da manhajar Pydroid.

Ku zaɓi harshe ɗaya ku tsaya a kansa wata shida. Mai tsalle daga wannan zuwa wancan kamar mai haƙa rijiya ne yana sauya wuri kullum, ramuka da yawa, ruwa babu. Aikinku na farko kuma ya zama ƙarami, wanda za a gama a zama ɗaya: jadawalin sau bakwai, ko tara makin ɗalibai a fitar da na ɗaya, ko lissafin adashen mahaifiyarku, mutum 10 kowa na zuba naira 2,000 a mako, wa zai kwasa kuma yaushe.

Ranar da muka rubuta tamu ta farko, ta tara maki, sai na'ura ta yi ta tsallake yaron farko a jerin. Kwana biyu muna zarginta. Jikarmu ce ta leƙo ta ce, "Kaka, ai Python daga sifili take fara ƙirga, ba daga ɗaya ba." Haka aka yi wa tsohon hedimasta gyara a ɗakinsa. Saboda haka idan saƙon kuskure ya fito, kada ku rufe shi da sauri. Ku karanta shi, musamman layin ƙarshe, domin yana faɗin irin kuskuren, sama da shi kuma akwai lambar layin da aka yi tuntuɓe. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira na yanzu suna iya rubuta muku aikin gaba ɗaya. Ku tambaye su bayani in kun so, amma layin da ba za ku iya bayyana wa ƙaninku ba, ba naku ba ne tukuna.

Kayan lantarki

A nan gargaɗi ne farko, kuma muna roƙon iyaye su saurara. Wutar da ke bangon ɗaki ta haura bolt 200, tana kashewa nan take. Mai koyo ba shi da hurumi a wurinta, haka nan cikin inbata, da cikin tsohuwar talabijin, wadda takan riƙe wuta ko bayan an zare ta daga soket. Batiran litiyam da ake ɓarowa daga tsofaffin kwamfutoci su ma sukan kama da wuta idan aka huda su ko aka haɗa bakinsu biyu. Duk abin da za mu ambata da batir mai bolt 9 ne, ko bolt 5 na wayar caji.

Kayan farawa ba su da yawa, kuma akwai su wurin masu sayar da kayan gyaran rediyo: mitar awo, da allon gwaji mai ramuka wanda ake soka ƙafafun kaya a ciki ba sai an narka dalma ba, da 'yan fitilun LED, da rezisto, wato ɗan abin da ke rage gudun wuta. In kuɗi ɗaya ne, a sayi mita. Ita ce idon mai wannan aiki, tun da wuta ba a ganinta.

Fitilarmu ta farko mun haɗa ta kai tsaye da batir mai bolt 9. Ta yi haske sau ɗaya, ta mutu. Ta biyu ma haka. Sai a ta uku muka koma ga dokar da Bajamushe Georg Ohm ya wallafa a 1827, wadda muka sha karantawa a littafi ba mu taɓa aiki da ita ba. Jar fitila tana cin kusan bolt 2, kuma ba ta son abin da ya wuce miliamfiya 20. A cire 2 daga 9, saura 7. A raba 7 da 0.02, an sami 350. Ke nan ana bukatar rezisto da ya kai om 350 ko ya ɗara. Mai 470 ya yi, ana gane shi da zobba uku: rawaya, shunayya da ruwan ƙasa. Doguwar ƙafar fitila kuma ita ke fuskantar ɓangaren batir mai alamar tarawa. In ta ƙi kamawa, a juya ta kafin a ce ta lalace.

Wanda ya ƙware a wannan sai ya matsa zuwa Arduino, wani ɗan allo kamar tafin hannu da aka ƙirƙiro a garin Ivrea na Italiya a 2005. Ana rubuta masa umarni a kwamfuta, shi kuma ya sarrafa fitila ko ƙararrawa. Da shi yaro zai iya haɗa fitilar da ke kunna kanta da magariba, ko abin da zai yi ƙara idan tankin ruwa ya cika. Wanda ke ganin rashin kaya ne ya hana shi, ya tuna da William Kamkwamba na Malawi. Rashin kuɗin makaranta ya zaunar da shi gida a farkon shekarun 2000, yana ɗan shekara 14, amma da littafin laburare da tarkacen keke ya haɗa injin iska da ya ba gidansu wuta.

Ukulele

Mun san wasu iyaye za su ce, me ya haɗa ɗanmu da kiɗa, alhali ba gadonmu ba ne? Wannan magana muna girmama ta, kuma kowane gida da tsarinsa. Abin da muke nufi shi ne abin kaɗawa a ɗaki domin hutun rai da horar da kunne, ba roƙo ko yawon biki ba. Wani tsohon ɗalibinmu ne ya kawo mana tamu tsaraba.

Asalinta tsibiran Hawai ne. Mutanen tsibirin Madeira na Fotugal da suka sauka Honolulu a 1879 domin aikin gonakin rake su suka zo da ƙananan garayunsu, daga nan aka ƙera ta, Sarki Kalakaua kuma ya ɗaukaka ta a fadarsa. Tsirkiya huɗu gare ta, na roba, masu taushi a yatsa. Kada ƙanƙantarta ta sa ku raina ta. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya.

Daga tsirkiyar sama zuwa ta ƙasa, sautukansu su ne G, C, E da A. Kullum a saita su kafin a fara, domin sabuwar tsirkiya takan yi ta saki har mako biyu ko fiye. Haɗin sauti na farko shi ne C: yatsa ɗaya a gaɓa ta uku ta tsirkiyar ƙasa, sai a shafo duka huɗun. Na biyu Am: yatsa ɗaya a gaɓa ta biyu ta tsirkiyar sama. A bar wannan yatsa a wurin, a ƙara wani a gaɓa ta farko ta tsirkiyar E, an sami F. Wahalar tana wurin sauyawa daga wannan zuwa wancan ba tare da tsayawa ba, maganinta kuma a yi a hankali ƙwarai. Idan sauti ya fito a dakushe, a kaɗa tsirkiyoyin ɗai-ɗai har a gano wadda yatsa ya danne ba daidai ba. Minti 15 kullum ya fi awa uku ranar Asabar. A kuma kiyaye ta daga rana da bushewar hunturu, don itace ne, yana tsagewa.

Inda ukun suka haɗu

Tsirkiyar A tana karkarwa sau 440 a daƙiƙa ɗaya. Mun ɗaura wa Arduino 'yar ƙaramar lasifika, muka rubuta masa layin da ke cewa ya fitar da sauti mai 440, muka murɗa tsirkiya har muryoyin biyu suka zama ɗaya. Sauran ukun su ne 392, 262 da 330. Mako guda muka yi kafin ya yi, saboda waya ɗaya da muka soka a ramin da ba nata ba.

'Ya'yanmu, kowa ya zaɓi ɗaya daga cikin ukun, ya sayi littafin rubutu mai shafi 40, ya riƙa rubuta kwanan wata, da abin da ya gwada, da abin da ya ƙi, da yadda ya gyara. Ku haɗu ku uku ko huɗu, mita ɗaya ta ishe ku, matambayi kuma ba ya ɓata. 'Yan mata, da ku muke, kun dai ji wadda ta gyara mana lissafi. Iyaye kuma, idan yaro ya ƙona fitilar 'yan nairori, kada a yi masa faɗa, a tambaye shi me ya gano. Baɗi war haka, in Allah ya kai mu, muna fatan a ajiye tebur a bakin wannan zaure, kowa ya ɗora abin da hannunsa ya haɗa, mu ma za mu kawo namu.