BULON DA NOTI: A KARANTA LAMBA KAFIN A BIYA KUƊI

Kafin faɗuwar damana, ɗaliban wata makarantar yaƙi da jahilci ta jihar Maradi sun gayyaci wani tsohon makanike domin ya yi musu jawabi. Maza da mata sun taru gindin inuwa, har da maƙeran gari da ƴan kwamitin ruwa. Dattijon ya zo da gwangwani cike da bulon da noti, ya zazzage su bisa tabarma. Ga abin da ya faɗa.

Ƙaramin ƙarfe, babbar asara

Bayan gaisuwa, makaniken ya ɗaga bulon guda wanda bai fi ɗan yatsa tsawo ba. Ya ce wannan ƙaramin ƙarfe shi ke riƙe da bakin garma. Shi ke riƙe da ƙafar amalanke. Shi ke riƙe da injin niƙa, da injin ban ruwa, da fanfon gari.

Ya ba da labarin wani manomi. Ruwan shuka ya sauka da dare. Da safe manomin ya ɗaura shanu, ya shiga gona. Bai yi kunya goma ba, bulon ɗin bakin garma ya katse. Babu irinsa a garin. Sai da ya jira ranar kasuwa. Kafin ya dawo, ƙasa ta bushe. Bulon ɗin da ya karye, sabo ne. Ya saye shi ne don ya fi araha, kuma yana ƙyalli.

Makaniken ya ce garma in ta tsaya, abinci ake asara. Amma amalanke in ƙafarta ta fita bisa hanya, tana ɗauke da buhunan hatsi ko da marar lafiya da za a kai likita, to rai ne ke cikin haɗari.

Ya tuna wa jama'a cewa cikin shekarun 1970 da 1980, akwai ma'aikatun da ke ƙera kayan noman bisashe a ƙasarmu, kamar ACREMA a Tawa, da UCOMA a Damagaram, da CDARMA a Doso. Manoma da yawa sun samu amalanke da garma bashi ta hanyar ƙungiyoyin haɗin kai. Yau mafi yawan mutane wurin maƙera da masu walda suke saye, kuma kowa shi ke neman kayan gyara da kansa. Saboda haka dole manomi ya san abin da yake saye.

Abu uku ne ake dubawa

Dattijon ya ce bulon yana da kai, yana da jiki, yana da zare. Zare shi ne layin nan da ya naɗe jikinsa, inda noti ke bi. Noti shi ne wanda waɗansu ke ce wa ekuru. Mai saye ya duba abu uku: kauri, da zare, da ƙarfi.

Na farko, kauri. Ana auna kaurin bulon da milimeta. Akwai na 6, da na 8, da na 10, da na 12, da na 16. A jikin kwali ana rubuta harafin M kafin lambar: M8, M10, M12. In an ga M10 x 50, ana nufin kauri milimeta 10, tsawo milimeta 50.

Ya ce a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Suna zuwa kanti su ce a ba su bulon na 17, domin kile 17 ke kwance shi. Lambar kile awon kai ce, ba awon jiki ba. Ga yadda suka saba tafiya:

M6, kile 10
M8, kile 13
M10, kile 17, wani lokaci 16
M12, kile 19, wani lokaci 18
M16, kile 24

Amma a moto da ƙananan injuna irin na Japan, M8 kile 12 ke kama shi, M10 kuma kile 14. Ke nan kile 17 yana iya zama na M10 a garma, ya zama na M12 a moto. Maganin wannan ruɗu guda ne: a tafi kasuwa da tsohon bulon cikin aljihu, ko da ya karye.

Na biyu, zare. Akwai zare mai faɗi, akwai zare ƙanana. Bulon biyu suna iya zama M10 duka, amma zarensu ya bamban. Ban da wannan, akwai bulon na awon inci, irin na tsofaffin injunan Ingila da na Amurka. Na rabin inci kaurinsa milimeta 12,7 ne, ya yi kusa da M12 ƙwarai. Ido ba ya rabe su. Noti zai shiga zagaye ɗaya ko biyu, sa'an nan ya cije. Mai gaggawa sai ya sa kile ya tilasta shi. Zaren ya mutu ke nan, an yi asarar bulon da noti gaba ɗaya.

Lambar da ke bisa kai

Na uku, ƙarfi. Makaniken ya ce wannan shi ne zancen da ya kawo shi. Ya raba wa ɗalibai bulon, ya ce kowa ya goge kan nasa ya karanta. Wata mata ta karanta 8.8. Wani saurayi ya karanta 4.6. Wani dattijo ya ce nasa babu komi.

Makaniken ya ce wannan lamba ita ce shaidar ƙarfin ƙarfen da aka yi bulon da shi. Ya zana su a allo:

4.6 da 4.8: ƙarfe mai taushi. Ya isa ƙofa, da benci, da rumfa.
8.8: ƙarfe mai ƙwari. Shi ne na garma, da injin shuka, da amalanke, da gindin injin niƙa.
10.9 da 12.9: sun fi ƙwari. Su ne na cikin inji da na mota.
Babu lamba: a ɗauke shi a matsayin mai taushi.

Ya ba da misali da M10. In an rataya masa kaya, mai lamba 4.6 yana katsewa wajen kilo 2.300, wato nauyin buhu 23 na kilo ɗari. Mai lamba 8.8 sai ya kai wajen kilo 4.700 kafin ya katse, wato buhu 47. Kaurinsu ɗaya, tsawonsu ɗaya, amma ɗaya ya ninka ɗaya ƙarfi.

Wani magidanci ya ce: Baba, ai babu mai ɗora wa amalanke buhu 23. Makaniken ya ce gaskiya ne, ɗana, amma bulon ba nauyi kaɗai yake sha ba. Yana shan girgiza. Duk ramin da ƙafa ta faɗa, duk saiwar da garma ta ci karo da ita, bugu ne. Ƙarfe mai taushi yana miƙewa kaɗan-kaɗan, noti ya saki, bulon ya fara wasa cikin rami, rana guda ya katse.

Noti ma yana da lamba. Noti mai lamba 8 shi ne abokin bulon 8.8. Mai lamba 10 shi ne abokin 10.9. Bulon mai ƙwari da noti mai taushi, aikin banza ne, domin zaren notin zai zame.

Bulon na awon inci ba ya da lamba, ƴan layuka gare shi bisa kai. Layi 3 ya yi daidai da 8.8. Layi 6 ya yi daidai da 10.9.

Ya ja kunnen jama'a kan abu guda. A waɗansu kayan tarakta, masu ƙera su sun sa bulon mai taushi da gangan a wuri guda, domin in an ci karo da dutse shi ya karye, babban ƙarfe ya tsira. Irin wannan ba a musanya shi da mai ƙwari. Doka ita ce: abin da aka cire, irinsa za a mayar, lamba da lamba.

Bulon na cikin ruwa

Ya juya wajen ƴan kwamitin ruwa. Ya ce ruwa da tsatsa abokan juna ne. Bulon baƙi yana saurin tsatsa. Wanda aka shafa wa farin ƙarfe ya fi jimrewa, amma shafen yana ƙarewa. Akwai wanda ake ce wa inoks, mai alamar A2 ko A4 bisa kai. Shi ne ya fi dacewa da abin da ke zaune cikin ruwa. Sandunan fanfo irin na Indiya zaren M12 gare su. In noti guda ya ci tsatsa ya saki a ƙarƙashin ƙasa, fanfo ya tsaya, mata su koma tsohuwar rijiya. Saboda haka kayan fanfo wurin mai gyaran fanfo ko kantin da aka tanada domin su za a nema, ba a tebur ba.

Ina ake saye?

Makaniken ya ce wuri huɗu ne manomi ke samun bulon.

Akwai kankayari, wato kantin kayan ƙarfe na birni, kamar waɗanda ke Maradi, da Damagaram, da Tawa, da Birnin Ƙwanni, da kasuwar Katako ta Yamai. Yawancin kayansu daga ƙasashen waje suke, musamman Sin da Indiya, waɗansu ta jirgin ruwa, waɗansu ta hanyar Najeriya. Ya ce sunan ƙasa ba shi ne shaida ba. Ƙasa guda tana ƙera mai kyau, tana ƙera marar kyau, ɗan kasuwa ne ke zaɓen wanda zai ɗauko. Amfanin kankayari shi ne yana nan kullum, ana iya komawa da ƙorafi.

Akwai masu tebur na kasuwar ƙauye. Sun fi kusa, amma kayansu a gauraye suke cikin tasa, na milimeta da na inci, mai lamba da marar lamba. Nan ne karatu ke da rana.

Akwai masu saida kayan tsofaffin motoci. Bulon ɗin mota mafi yawa 8.8 ne ko 10.9. Tsoho mai lafiya ya fi sabo marar lamba. Amma a duba da kyau: kada ya zama ya lanƙwashe, ko tsatsa ta ci zarensa, ko ya rame a tsakiya. Wanda ya rame ya riga ya miƙe, kwanansa ya ƙare.

Akwai kuma maƙerin gari. In an matsu, yana iya yanka ƙarfen gini ya yi abin da zai riƙe na ƴan kwanaki. Ya ce wannan taimakon gaggawa ne, ba na ƙafar amalanke ba ne. Ya roƙi maƙera kada su sa bulon mai lamba cikin wuta ko su yi masa walda, domin wuta tana kashe ƙwarinsa.

Gwaji kafin biya

Wata dattijuwa ta ce: Malam, lambar ba ta ƙarya? Ya ce tana yi, Inna. Akwai jabu, an buga 8.8 bisa ƙarfe mai taushi. Don haka ya ba da gwaji biyar:

1. A duba kai. Na kirki yana da lamba a fili, da ƴan haruffa ko alamar ma'aikatar da ta ƙera shi.
2. A ɗaura noti da hannu, ba da kile ba. Ya kamata ya tafi sumul har ƙarshen zare.
3. A girgiza notin a tsakiyar zare. In yana rawa sosai, a aje shi.
4. A jera sabo da tsoho, zare cikin zare, a ɗaga su wajen haske. In haƙoransu sun shiga juna babu fili, iri ɗaya ne.
5. In da magagari, a goga bakin wutsiyar. Mai taushi yana ciyuwa nan da nan, mai ƙwari yana gardama.

Ya ce ƙyalli ba ƙarfi ba ne. Araha kuma ba ta ado. In za a sayi da yawa, a fara da guda biyu a gwada su wurin aiki.

Ɗauri da kulawa

Bulon na kirki ma yana lalacewa a hannun marar kula. A sa rondel ƙarƙashin noti, musamman bisa katako. Wurin da ke girgiza, a sa noti biyu, ɗaya ya danne ɗaya, ko noti mai roba a ciki. A yi aiki da kile daidai kai, ba filaya ba, ba guduma da kurfi ba. Kada a ƙara wa kile dogon bututu, domin ɗauri in ya wuce kima shi ma yana miƙar da bulon. Bayan aikin yini na farko, a koma a sake ɗaurewa. A duba ƙafafun amalanke kowane mako. Bayan damana a wanke kayan aiki, a shafa musu tsohon man inji, a aje su cikin inuwa.

Shawara ga ƙungiya

A ƙarshe dattijon ya ce abin da ya fi sauƙi shi ne haɗin kai. Ƙungiyar manoma ta zauna tun bazara. Kowa ya kawo kayan aikinsa. Wanda ya iya rubutu ya rubuta kauri, da tsawo, da lambar kowane bulon cikin littafi. A tara kuɗi, a aiki mutum biyu birni su sayo a kwali, su karɓo takardar saye. A aje su wurin ma'aji. Ranar da garma ta karye tsakar gona, ba sai an jira ranar kasuwa ba.

Ya ce lambobin da ɗalibai ke koyo a allo, ga su nan bisa kan ƙarfe. Wanda ya iya karanta 8.8 ba a saida masa 4.6.

Shugaban makaranta ya yi masa godiya da sunan jama'a. Aka yi addu'a, Allah ya ba da damana mai albarka, aka tashi.

Tambayoyi domin tattaunawa cikin aji

1. Wace lamba ce ta dace da bulon ɗin garma da amalanke?
2. Don me ake tafiya kasuwa da tsohon bulon?
3. Kowane ɗalibi ya duba kayan aikin gidansu, ya rubuto lambobin da ya gani.