WANKIN ZUCIYA KAFIN SHIGA SAHU

Laccar da aka gabatar ga 'yan'uwa a daren Maukibin Ƙadiriyya

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa da waliyyan Allah baki ɗaya.

Bayan haka, kowace shekara idan watan Rabi'ul Sani ya kama, muridai kan taso daga birni da ƙauye su nufo Kano, domin raya Maukibin da Maulana Shehu Muhammadu Nasiru Kabara (R.A.) ya assasa don tunawa da Sidi Abdulƙadir Jilani (R.A.). Akan wanke tufafi, a ɗinka tutoci, a gyara bandiri. Amma akwai wani wanki da ya fi waɗannan wahala, wanda kuma shi ne manufar taron, wato wankin zuciya daga ƙullin da ke tsakanin muridi da ɗan'uwansa.

Abin da ke hana zikiri zama a zuciya

Alƙur'ani mai girma, a aya ta 28 ta Suratur Ra'adi, ya nuna cewa da ambaton Allah ne zukata suke samun natsuwa. To, me ya sa akan sami mutum ya shekara ashirin bai taɓa fashin wuridi ba, amma da daddare barci ya gagare shi saboda wata magana da aka faɗa masa a kasuwa? Malaman tarbiyya sun amsa da cewa allo ba ya karɓar sabon rubutu sai an wanke tsohon. Zuciyar da hassada da gaba da mummunan zato suka cika, harshe zai yi ta zikiri a samanta, amma hasken ba zai sami wurin sauka ba.

Wannan ba ƙaramin hatsari ba ne. Imamu Muslim ya ruwaito cewa ana bijiro da ayyukan bayi ranar Litinin da Alhamis, a gafarta wa duk wanda ba ya shirka, sai mutum biyu da ke gaba da juna, su kam akan jinkirta musu har su sasanta. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito hanin ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana uku. Saboda haka mai yiwuwa ne mutum biyu su tsaya kafaɗa da kafaɗa a halƙar zikiri, muryoyinsu su haɗu, alhali gafararsu tana rataye.

Darasi daga rayuwar Shehu

An haifi Sidi Abdulƙadir a ƙasar Jilan a shekara ta 470 bayan Hijira. Ya shiga Bagadaza neman ilimi a shekara ta 488, bai hau kujerar wa'azi ba sai a shekara ta 521, ya yi wafati a shekara ta 561. Tsakanin shigarsa birnin da fara wa'azinsa shekara talatin da uku ne na karatu da yunwa da yaƙi da rai.

Littattafan manaƙibu sun ruwaito cewa wata Juma'a mai tsananin sanyi, shehinsa Hammadu Addabbas ya tura shi cikin kogi daga kan gada, yana sanye da rigar ulu. Ya ɗaga hannu don kada takardunsa su jiƙe, ya fito, ya matse rigarsa, ya bi bayan jama'a. Da almajirai suka soma yi masa dariya, sai Shehu Hammadu ya tsawata musu, ya bayyana cewa jarraba shi ya yi, ya kuwa same shi kamar dutsen da ba ya motsi. Abin lura shi ne bai riƙe shehinsa a zuci ba, bai kuma daina zuwa majalisinsa ba. Muridin yau kuwa, a ƙi ba shi gaban sahu sau ɗaya, sai ya yi wata shida bai taka zawiya ba.

Haka nan Imamu Ahmad ya ruwaito labarin mutumin Ansaru da Annabi (S.A.W.) ya yi wa bushara da Aljanna kwana uku a jere. Abdullahi ɗan Amru (R.A.) ya kwana uku a gidansa don ya ga ibadarsa, bai ga wata nafila da ta wuce ta jama'a ba. Da ya tambaye shi, sai ya gano cewa sirrin mutumin shi ne ba ya riƙe wani Musulmi da algushi a ransa, ba ya kuma yi wa kowa hassada a kan abin da Allah ya ba shi.

Yadda ake wankin

Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505, ya tsara a cikin Ihya'u yadda bawa zai bi da ransa kamar yadda ɗan kasuwa ke bi da abokin cinikinsa. Da asuba ya gindaya masa sharaɗi. Da rana ya sa masa ido. Da dare ya zaunar da shi a yi lissafi. Muridi mai son natsuwa zai ƙara tambaya ɗaya a lissafin darensa: wa ke cikin zuciyar nan da ba a yafe masa ba?

Idan sunan ya fito, mataki na farko shi ne ya sanya mutumin cikin addu'arsa bayan wuridi, ya roƙa masa irin alherin da yake roƙa wa kansa. Rai zai ƙi a daren farko, domin ammara ce. Da an jure, sai ta koma mai zargin kanta, har Allah ya kai ta matsayin natsattsiya. Mataki na biyu shi ne tattaki, domin zumunci a ƙafa yake. Ya je har ƙofar gida ya yi sallama, ya ce, "Malam, a yafe mini don Allah," ba tare da tono wanda ya fara ba. Na uku, idan akwai haƙƙi na kuɗi ko gona ko gado, a mayar da shi, ko a kai gaban muƙaddami ya raba gardama, domin istigfari ba ya goge bashi.

Wannan wanki daga gida yake farawa. Wanda ya yi tawali'u gaban Halifa amma ya shiga gida yana wa iyalinsa tsawa, tarbiyyarsa ba ta kai ko'ina ba tukuna. Kuma bai tsaya ga 'yan ɗariƙa ɗaya ba. Batijjane ɗan'uwa ne, maƙwabcin da ba ya ɗariƙa ma yana da haƙƙinsa cikakke. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, amma a baki ɗaya suke kwana.

Kammalawa

Gobe da hantsi tutoci za su tashi, sahu zai miƙe. Wanda ya san akwai ɗan'uwan da ba sa ga-maciji, to daren nan ya ishe shi ya neme shi, tun ba a wayi gari an ce ɗayansu ya riga mu gidan gaskiya ba.

Allah ya ƙara wa Sidi Abdulƙadir karama, ya jiƙan Maulana Shehu Nasiru Kabara da sauran magabata, ya haɗa kan Musulmi, ya zaunar da ƙasa lafiya, ya mayar da kowane baƙo gidansa da zuciya wankakkiya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.