Katakon Kanta: Kowane Ɗaki da Nasa

Kafin ku ba kafinta aikin kanta, ku tambaye shi irin katakon da zai sa. A kicin, inda ruwa ba ya yankewa, loko ya fi dacewa, domin yana da maiƙo, ba ya saurin ruɓewa. Duk da haka, bakin wurin wanke-wanke sai ana shafa masa mai, in ba haka ba ya yi baƙi. Falo kuwa maɗaci ya ishe shi, jan nan nasa kaɗai ado ne. Farin katako mai laushi a kai shi ɗakin karatu, don ko farce yana yi masa tabo. Ɗanyen katako dai kada ku karɓa, komai arharsa. Hunturu na shigowa zai tsage, ya banƙare.