Jakar Ruwa a Hantar Rago: Jawabi a Taron Ƙungiya na Shekara



Kowa a cikinmu ya taɓa ganin an feɗe rago ko raƙumi an tarar da wata farar jaka cike da ruwa a hanta ko huhu. Abin da muka saba yi shi ne mu yanke wurin mu jefa wa kare. To, a nan gizo ke saƙa.

Wannan jaka gidan 'ya'yan wata tsutsa ce dangin tsila, wadda masana ke kira Echinococcus granulosus. Tsilar da muka sani, ta naman shanun da bai dahu ba, takan kai mita da yawa. Wannan kuwa ba ta wuce milimita 7. Idan kare ya ci jakar, tsutsotsin sai su girma a hanjinsa, ƙwansu ya riƙa fita cikin kashinsa, ya zauna a ciyawa da bakin rijiya da lambun salak. Dabba ta ci, mutum ma ya haɗiya, musamman yaron da ya shafa kare ya sa hannu a tuwo. Mu lura da kyau: ba daga naman muke ɗauka ba, daga karen ne.

A jikin mutum jakar takan yi shekaru tana girma a ɓoye, galibi a hanta, sai huhu. Ranar da ta fashe tana iya kisa nan take. Maganin albendazol yana taimakawa, amma sau da yawa sai an yi tiyata, kuɗin kuwa ya fi ƙarfin talaka. Akwai 'yar'uwarta ta alade, Taenia solium, mai shiga ƙwaƙwalwa ta haddasa farfaɗiya. Wanda bai taɓa cin alade ba ma yana iya ɗauka daga hannun mai tsutsar.

Ƙasar Niyu Zilan, mai tarin tumaki, ta kafa doka a 1959: a hana kare ɗanyen kayan ciki, a riƙa ba shi magani. A 2002 ta shelanta cewa cutar ta kau. Ba injin zamani suka sayo ba, haƙuri suka yi.

Saboda haka muna roƙon ƙungiya ta haƙa rami mai murfi a mayanka, ta kewaye wurin, ta kuma gayyato malamin dabbobi ya ba karnukan farauta da na makiyaya maganin firazikwantel. Ranka ya daɗe Sarkin Fawa, wannan aiki ba ya yiwuwa sai da kai, ballantana a ranakun layya da kowane gida yake zama mayanka.